Yadda danshin damina ya dinga fasa mana ayisi, da wahalar da bututun roba ya ba mu

Wajen aikin da abin da muke haɗawa

Ƙaramin waje ne, mu tara ne duka har da mai gadi, a wani birni a arewa. Aikinmu haɗa bod ɗin da ke sarrafa famfon burtsatse mai amfani da sola, wato koren allon nan da ake jera kayan lantarki a kai, shi yake kunna famfo in rana ta yi ƙarfi, ya kashe in tanki ya cika ko ruwa ya ja baya a rijiya. Ni ne mai kula da layin haɗawa, akwai oga mai wajen, akwai wata baiwar Allah da muke kira Anti wadda gwaji yake hannunta, sai samari masu ɗora kaya da soldarin.

Ƙwaƙwalwar bod ɗin wani tsohon ayisi ne (IC, wato ƙwayar lantarki mai ƙafafu da ake ɗora wa furogiram) ɗan dangin 8051, a cikin jikin da ake kira PLCC-44. Murabba'i ne baƙi, kowane gefe kusan milimita 17, kaurinsa ya doshi milimita 4, ƙafa 11 a kowane gefe kuma duk a lanƙwashe suke ta ƙasa kamar ƙugiya. Ba a naɗi yake zuwa ba, ba a tire ba, a bututun roba mai tsawo yake zuwa, guda 27 a kowane bututu, an toshe baki biyu. Su bututan kuma an zuba su a ledar nan mai ruwan azurfa, an zuƙe iskar an like.

Shekara da shekaru a soket muke zaunar da shi, wato ɗan gidan da ake manna wa bod a cusa ayisin a ciki. Soket ɗin ake yi wa soldarin, in komai ya huce sai a danna ayisi da yatsa ya shiga, shi kansa bai taɓa ganin zafi ba. A farkon shekarar da abin ya faru aka canza zanen bod, aka cire soket saboda ƙura da girgiza suna sa ƙafafu su daina taɓawa a ƙauye, aka ce a dinga manna ayisin kai tsaye. Muka samu ƙaramar tandar narka dalma da ɗan injin ɗora kaya mai wani faranti da ke girgiza bututu yana zazzago ayisi ɗaya bayan ɗaya. Dalmar da muka koma kuwa marar gubar darma ce, SAC305, wadda sai wajen digiri 217 take fara narkewa, tanda tana hawa har 240 zuwa 245. Tsohuwar dalma a 183 take narkewa.

Fabrairu zuwa Mayu: shiru kake ji

Ledar farko mun buɗe ta a Fabrairu, bututu 10, muka dinga ɗiba har wajen sati shida tana buɗe a kan kanta. Ko ɗaya bai ba mu matsala ba. Lokacin iska a bushe take ƙayau, leɓe na tsagewa.

Oda ta biyu leda ɗaya ce babba, bututu 20, ayisi 540. A sati na biyu na Mayu muka farke ta da reza, muka ɗauki bututu 4 muka haɗa bod 108, duk suka wuce gwaji. Sauran 16 aka mayar cikin ledar aka naɗe bakinta aka ɗaure da roba, ɗan ƙunshin silika mai shanye danshi da ɗan katin nuna danshi mai ɗigo-ɗigo uku suna ciki, ba wanda ya kalle su. Kantar tana jikin bangon da ke kallon gabas, kusa da taga, kuma ɗakin ba iyakwandishan, fanka ce kawai.

Daga nan aiki ya tsaya wata biyu da rabi muna jiran wasu kayan.

Satin farko na Agusta: bod 54, shida sun mutu

Ruwa ake yi kusan kullum a lokacin. Muka haɗa bututu 2, bod 54, Anti ta gwada, 6 ba su tashi ba sam. Ba alamar ƙuna, wuta tana isa ƙafar da ya kamata, kiristal yana nan lafiya, amma ayisin ya ƙi karɓar furogiram. Abin da muka saba gani shi ne ɗaya a cikin ɗari ko ƙasa da haka, shi ma galibi dalma ce ta haɗe ƙafa biyu.

Zargin farko a kan kwaɓaɓɓiyar dalmar ya faɗa, tunda firij ɗin da muke ajiye ta yana yawan mutuwa in an ɗauke wuta. Aka sayo sabon gwangwani, a sati na biyu muka sake haɗa 54, guda 7 suka mutu. Oga ya ce to ai jabun kaya aka turo mana, ya kira wanda ya kawo, aka yi ta ja-in-ja a waya, shi kuma amsarsa ɗaya ce: guda 108 na Mayu daga ledar nan suka fito, me ya sa su ba su mutu ba? Maganarsa ta zauna, ba mu da abin cewa.

Sai muka koma kan zafin tanda. Na rage ƙololuwar zuwa wajen 228 muka gwada bututu ɗaya. Ayisi 2 ne kawai suka mutu a cikin 27, amma bod 9 dalmarsu ba ta narke da kyau ba, ta yi dishi-dishi kamar tsakuwa, in ka taɓa ƙafa da tsinken ƙarfe sai ta ɗaga. PLCC jiki ne mai nauyi, yana shanye zafi, ƙafafunsa su ne na ƙarshe da ke kaiwa ga narkewa. Mun rage wata cuta mun sayo wata, dole muka mayar da zafin inda yake.

Duk wannan lokacin waɗanda suka wuce gwaji ana ta fitar da su, wajen bod 80 sun tafi hannun masu haƙa burtsatse.

Sati na uku: ƙarar da yaro ya ji

Ɗaya daga cikin samarin, wanda yake tsayawa a bakin tanda, shi ya ce min, “Malam, wallahi in zafin ya kai sama ina jin wani ɗan ƙas-ƙas a ciki, kamar ana soya gugguru daga nesa.” Da farko na ɗauka ƙarfen tandar ne yake miƙewa. Amma na ɗauko matattun na cire guda uku da bulowa mai hura iska mai zafi na kifa su a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Biyu cikinsu ya ɗan kumburo ta ƙasa, in ka ɗora su a kan gilashi suna rawa maimakon su zauna daram. Na ukun akwai siririn tsagu kamar gashi da ya taso daga tsakanin ƙafafu ya nufi ƙasan jikin.

Ranar na ɗauko ledar na karanta sitikar da ke jikinta, wadda tun Mayu take kallonmu. Hoton ɗigon ruwa uku a cikin da'ira an ja musu layi, lamba 3 a cikin akwati, sannan rubutu cewa bayan an buɗe a yi amfani da kayan cikin awa 168 a zafin da bai wuce digiri 30 ba da danshin da bai wuce kashi 60 ba. Awa 168 kwana bakwai kenan. Namu sun yi wata uku. Katin ciki kuwa ɗigon kashi 5 da na 10 da na 60 duk sun koma ruwan hoda, ko ɗaya bai rage shuɗi ba, alamar danshi ya shiga kenan.

Ga abin da yake faruwa a ciki. Baƙin jikin ayisi ba dutse ba ne, wani ƙaro ne da aka cakuɗa da garin silika aka daskarar, kuma yana shan danshin iska a hankali kamar yadda busasshen gishiri yake yi a damina, sai dai shi ba ka gani. Danshin yana ratsawa har ya taru a inda ƙaron ya haɗu da farantin ƙarfen da ƙwayar silikon take zaune a kai. In ka jefa shi tanda, cikin minti kaɗan ya tashi daga zafin ɗaki zuwa sama da 240, ruwan ya zama tururi ba hanyar fita, shi kuma ƙaron a wannan zafin ya yi laushi. Sai ya ɓamɓare daga jikin ƙarfen, ya kumbura, wani lokaci ya tsage, wani lokaci ya tsinke siraran wayoyin da suka haɗa ƙwayar da ƙafafu. Masu wannan sana'a a duniya ma da sunan gugguru suke kiran abin, yaron nan bai kauce ba ko kaɗan.

Akwai ƙa'ida a rubuce a kan haka wadda ƙungiyoyin IPC da JEDEC suka fitar tare. J-STD-020 ita take raba kaya mataki-mataki, J-STD-033 kuma ita take faɗin yadda za a ajiye su da yadda za a busar da su, tun 1999 aka fara fitar da ita. Mataki na 1 ba ruwansa da danshi, na 2 shekara guda, 2a sati huɗu, na 3 awa 168, na 4 awa 72, na 5 awa 48, 5a awa 24, na 6 kuwa dole a gasa shi kafin a sa a tanda ko yaushe. Kuma ta faɗa ƙarara cewa ayisin da ake zaunarwa a soket wannan bai shafe shi ba tunda ba ya shiga zafin, shi ya sa duk shekarun baya ba mu taɓa cin karo da abin ba.

Muka sayo ɗan ma'aunin danshi muka rataye a jikin kantar. Sati guda yana yawo tsakanin kashi 72 da 84.

Gashin farko: bututu a cikin oben

Maganin da ƙa'idar ta bayar shi ne a gasa. Na duba teburin lokutan gashi da ke bugu na C na J-STD-033, kaya mai kauri tsakanin milimita 2 da 4.5, mataki na 3: awa 48 a digiri 125. Muna da wani ƙaramin oben mai fanka a ciki da muke busar da fenti. Da yamma aka kunna, aka ɗauki bututu 2 yadda suke, da toshiyarsu da robar da ta ɗaure su, aka kwantar a kan raga aka rufe.

Ba a yi minti arba'in ba wari ya cika ɗakin, irin warin wayar wuta in ta ƙone. Da muka buɗe bututan sun lanƙwashe sun zuba tsakanin sandunan ragar kamar taliya, robar ta shaƙe kowane ayisi ta manne a ƙafafunsa, toshiyar baki ɗaya ta zama ɗanko. Da wuƙa muka dinga yanka muna ɓanɓaro su washegari. Wasu ƙafafu sun karkace, saura kuma sun yi wani dafi-dafi mai maiƙo, da muka gwada dalma a kan guda biyar sai ta dinga dunƙulewa tana gudu ta ƙi kama ƙarfen. Duka 54 muka ware gefe.

Bututun nan yawanci robar PVC ce da aka shafa wa wani sinadari mai hana tara lantarkin gogayya, kuma tun kafin digiri 80 take fara saki. Ƙa'idar ta faɗa, layi ne guda a ƙasan teburin da ban kai gare shi ba: kayan da suka zo a bututun roba ko naɗi ko tire marar jure zafi ba a gasa su a cikin mazubinsu sama da digiri 40. In ana son zafi mai yawa sai an juye su a abin da zai jure. Har robar ɗauri da kwali da ledar kumfa ta ce a cire. Tiren da aka yi don gashi za ka ga an rubuta iyakar zafinsa a gefe, wasu 150, bututu kuwa ba a rubuta komai ba sai dai in na ƙarfe ne.

Saura bututu 9.

Gashi na biyu: digiri 40

Tunda an ce 40 ba ya taɓa bututu, oga ya ce a bi ta nan. Aka samu akwatin katako aka sa ƙwan fitila biyu da abin daidaita zafi irin na injin ƙyanƙyasar ƙwai, aka sa bututu ɗaya a ciki kwana uku. Muka haɗa, 3 suka mutu a cikin 27, kusan yadda ake tun farko.

Dalili biyu ne, kuma duka suna cikin teburin. Na farko lokaci: ga kauri irin namu a digiri 40 kwana 79 aka rubuta, ba kwana uku ba. Ko siririn ayisi da bai wuce milimita 1.4 ba kwana 13 yake so. A digiri 90 namu kwana 10 ne. Danshin da ya ɗauki wata uku yana kutsawa cikin ƙaro mai kauri ba zai fito a kwana uku da ɗumi-ɗumi ba.

Na biyu shi ne wanda ya fi ɗaure min kai kafin na gane. A gefen 40 ɗin an rubuta sharaɗi, danshin cikin akwatin kar ya wuce kashi 5. Ɗumama iska ba ya cire ruwan da ke cikinta. In ka ɗauki iskar ɗaki mai digiri 30 da danshi kashi 75 ka ɗumama ta zuwa 40, danshinta kashi 43 zai koma, na sa ma'auni a akwatin na gani da idona yana nuna arba'in da ɗoriya. Wato muna shanya kaya ne a iskar da ita kanta a jiƙe take. Amma wannan iskar dai in ta kai 125 danshinta bai kai kashi 2 ba, shi ya sa a can ba a buƙatar wani na'urar busarwa, zafin kaɗai ya isa. Gashin 40 na gaskiya sai da kabad na musamman mai shanye danshi, da wutar da ba ta yankewa wata biyu da rabi, mu kuma masu oda suna kira safe da yamma.

Gashi na uku: tsagu ya tafi, wasu matsaloli uku sun shigo

Farkon Satumba muka juye bututu 3, ayisi 81, a farantin alminiyom irin na gasa biredi. Juyewa dai ta zazzagawa, aka cire toshiya aka karkata bututu suka zubo a tsibi, aka baje da hannu. Digiri 125. A awa ta 19 aka ɗauke wuta cikin dare, mai gadi bai tada janareta ba sai bayan awa huɗu, sai muka ƙara awa huɗun da ɗan ƙari a ƙarshe. Da suka huce samari biyu suka zauna a benci suna mayar da su tsofaffin bututan da yatsu.

A cikin 81 ko ɗaya bai kumbura ba, yaron bakin tanda bai ji ƙas ko sau ɗaya ba. Amma bod 11 sun faɗi gwaji.

Biyar ƙafa ce ba ta taɓa dalma ba. Ƙafafun PLCC ana so su zauna a shimfiɗe ɗaya, bambancin da aka yarda da shi kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kaurin takarda kenan, kuma zubo su a tsibi ƙugiyar wannan tana shiga ta wancan ya isa ya ɗaga ƙafa fiye da haka. Waɗannan mun gyara da ayon ɗin soldarin.

Huɗu a juye suka hau bod. Jikin murabba'i ne, ta kowace fuska huɗu zai shiga bututu lafiya lau, abin da ke nuna gabansa kawai kusurwa ɗaya ce da aka ɗan sare da ƙaramin ɗigo a tsakiyar gefe ɗaya inda ƙafa ta 1 take. Daga masana'anta duk fuska ɗaya suke kallo. Kyamarar injinmu ta ƙasa take leƙo ƙafafu ta daidaita tsakiya, ba ta san gaba da baya ba, duk yadda bututu ya miƙo haka za ta ɗora. Da Anti ta ba su wuta biyu sun yi zafi nan take sun tafi.

Sauran biyun sun tashi, sun karɓi furogiram, amma ƙafa ɗaya-ɗaya ta shigar sigina ta mutu, irin mutuwar da lantarkin gogayya yake yi. Kayan da suka fito daga oben a bushe suke ƙarƙaf, samarin ba su ɗaura abin hannu mai sauke lantarkin jiki ba, bencin leda ce a shimfiɗe a kai, sannan shafin da ke cikin bututun roba yana gogewa in ayisi ya yi ta zirga-zirga a ciki, ba a yi shi don a yi ta juyawa ba.

Tsakiyar Satumba: bututu biyar na ƙarshe

Wannan karon kwana guda muka ɓata muna shiri kafin a kunna komai. Wani maƙerin alminiyom ya lanƙwasa mana faranti biyar masu kwalbati, faɗin kowace kwalbati daidai faɗin ayisi da ɗan sarari, tsawonta ya ɗauki 27. Aka wanke su da sifirit. Aka shimfiɗa tabarmar roba mai sauke lantarki a benci aka haɗa ta da waya zuwa ƙasa, duk wanda zai taɓa ya ɗaura abin hannu mai rezisto megohm ɗaya. Mutum ɗaya ne yake juyewa, ba biyu ba. Ya kwantar da bakin bututu a bakin kwalbati kusan a shimfiɗe, ya cire toshiya, ya dinga ja da baya a hankali suna silalowa a jere yadda suka zo, ba wanda ya hau kan wani, ba wanda ya juya. A bakin kowane faranti mun karta kibiya da ke nuna inda sararriyar kusurwa za ta kalla. In ɗaya ya kauce da alƙalamin zuƙa ake ɗaga shi ta sama, ba a kama ƙafa.

Bututan da toshiyarsu suka tsaya a waje cikin akwati mai murfi da silika. Na sa wayar auna zafi ta daban a tsakiyar oben, ashe agogon jikinsa yana ƙara digiri 8, in ya nuna 125 ainihin zafin 117 ne, sai muka gyara. Ba mu fara ƙirga awa 48 ba sai da farantin kansa ya kai 125. Aka sayi man janareta na kwana biyu aka ajiye, ni da yaro ɗaya muka raba kwana.

Akwai iyakar da muka kiyaye. Ƙa'idar ta ce jimillar gashi sama da digiri 90 kar ta wuce awa 96, domin zafin yana sa fatar ƙafafu ta yi tsatsa kuma kuzar da aka shafa musu tana cinyewa cikin tagullar ƙasa, daga ƙarshe dalma ta ƙi kamawa. Awa 48 sau biyu ke nan, ba na uku. Don haka kowane bututu muka manna masa sitika aka rubuta an gasa sau ɗaya da ranar.

Da lokaci ya cika aka kashe oben aka bar su a ciki a rufe har suka sauko yadda hannu zai iya taɓawa, sannan aka tura su cikin bututu ta hanyar da suka fito, mutum na biyu yana bi da ido yana duba ɗigon kowanne ta jikin robar kafin a toshe. Bututu 2 suka wuce layi a ranar. Sauran 3 kowanne ledarsa daban, sabuwar silika, sabon kati, aka like da injin like leda, aka rubuta rana da awa a jiki.

Bod 135 muka haɗa a cikin kwana tara. Guda ɗaya ya faɗi gwaji, dalma ce ta haɗe ƙafa biyu, minti biyu aka gyara.

Oktoba zuwa Disamba: waɗanda suka riga suka fita

Bod 80 ɗin Agusta da suka wuce gwaji suka tafi, su ne suka fi ci mana rai. Kafin ƙarshen Oktoba 9 sun dawo. Wani famfo yana aiki da safe ya tsaya da azahar in akwatin ya ɗau zafi, wani sai an buga akwatin da hannu. Wani mai haƙa burtsatse ya kira oga yana cewa, “Alhaji, mutanen garin nan sun koma rafi, ni suke zagi ba kai ba.” Ayisin da ya ɓamɓare ta ciki ba lallai ya mutu a ranar ba, wayar da ta ɗan ja tana nan maƙale, zafin rana da sanyin dare suna ja suna saki har ta ƙarasa tsinkewa, tsagun kuma ƙofa ce ga danshi ya shiga ya ci ƙarfe. Manyan masana'antu da na'urar sauti suke leƙa irin wannan ɓoyayyen rabuwar, mu ba mu da ita, kuma gashi ba ya ɗinke abin da ya riga ya tsage. Oga ya yanke a karɓo duka a canza musu, a kuɗinmu. Mun samo 71 zuwa Disamba.

A wajen canzawar ma sai da muka kula, sabon ayisin da za a ɗora da bulowa shi ma zafin narka dalma zai sha, don haka daga likakkiyar leda yake fitowa.

Tsarin da ya zauna daga nan: ba a farke leda sai bod da dalma da komai suna kan tebur. Wanda ya farke shi zai duba katin nan take, in ɗigon kashi 10 ba shuɗi ba ne kayan ba sa hawa layi. A jikin kowane bututu akwai takardar da ake rubuta awar fita da awar komawa, ana tarawa, 168 ne iyaka, a damina kuma mun mayar da namu iyakar kwana uku tunda ɗakinmu ya fi kashi 60 ɗin da aka yi lissafin da shi. In bututu ya fita bai wuce awa 12 ba a yanayin da ƙa'idar ta yarda, ajiye shi a busasshen waje ninki biyar na lokacin yana mayar da agogon farko. A Nuwamba aka sayi ƙaramin kabad mai riƙe danshi ƙasa da kashi 5, muka jona shi a inbata. Mai kawo kaya kuma mun ce ya dinga turowa bututu biyu-biyu a leda, da ranar likewa a jiki, tunda ita ledar ma wata 12 aka ba ta.

Abin da na gani a ƙarshe

Ba dalma ba ce, ba jabun kaya ba ne, kuma mai kawo kayan mun ɗora masa laifin da ba nasa ba, oga ya kira shi ya ba shi haƙuri. Asalin abin ranar da aka cire soket ya fara, domin an canza abin da ayisin zai fuskanta ba a canza yadda ake ajiye shi ba, sai rani ya rufa mana asiri wata huɗu. Da hunturu ya dawo ma'aunin nan namu ƙasa da kashi 20 yake nunawa, a irin wannan iskar leda a buɗe ba ta cika cutarwa ba, shi ya sa nasarar Fabrairu ta yaudare mu.

Gashi ya yi aiki, amma ni a ganina shi ne mafi tsadar hanya kuma mafi haɗari ga kayan bututu, saboda zafin da zai busar da su da wuri bututun ba zai jure ba, wanda bututun zai jure kuma wata biyu da rabi yake ci, don haka dole ka fito da su, kuma duk fitowa dama ce ta lanƙwasa ƙafa ko juya fuska ko kashe ƙafa da gogayya. A cikin ayisi 432 da suka kwana a kantar nan, waɗanda danshi ya kashe a gwaji 18 ne, waɗanda muka rasa a ƙoƙarin gyara da hannunmu sun kai 58, ban da na ƙauye. Farantan kwalbatin nan biyar suna nan rataye a bango, tun Satumbar nan sau ɗaya aka sake sauko da su, ranar da wata leda ta iso da huji a kusurwa katinta ya koma ruwan hoda.